Rasuwar Ingela Degerman da Maganar Ƙarfe Shidan Talata

Cikin alhini da nauyin zuciya, da kuma ɓacin ran da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, Kwamitin Gudanarwa na Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Tallfors yake sanar da 'yan ƙungiya, da iyayen 'yan wasa, da tsofaffin 'yan wasanmu na kusa da na nesa, da ɗaukacin jama'ar gari, cewa ya samu labarin rasuwar uwar wannan ƙungiya, tsohuwar 'yar wasan gabanmu kuma kyaftin, tsohuwar 'yar wasan ƙasa, Babbar Kociyarmu ta tsawon shekara talatin da uku, Uwargida Ingela Degerman, wadda rai ya yi wa halinsa da hantsin ranar Lahadi, goma sha biyu ga watan Janairu, a babban asibitin yanki, bayan jinyar ciwon daji ta wata biyar, tana da shekara sittin da uku a duniya. Ta bar mijinta, Torgny Degerman, mai kula da rufaffen filin wasa na gari, da 'yarta Sanna, da jikoki biyu.

Jama'a za su yi mamakin yadda sai yau, kwana goma sha takwas bayan rasuwar, wannan saƙo yake fitowa. An rubuta wani tun a makon farko, mai ladabi da daɗin ji, irin wanda ake karantawa a gyaɗa kai a ajiye. Ni na rubuta shi, ni kuma na yaga shi da hannuna, domin kafin ya kai ga jarida takarda ta zo daga Kwamitin Wasanni na Ƙaramar Hukuma cewa an soke lokacin atisayen 'yan matanmu a rufaffen fili, wato ranar Talata daga ƙarfe shida zuwa bakwai da rabi na yamma. Yara ashirin da uku ne, 'yan shekara goma sha huɗu. Filin nan shi kaɗai ne mai rufi a duk ƙaramar hukumar, kuma kowa ya san ba za mu ga ƙasa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba sai watan Mayu. Idan ba a dawo da wannan lokaci ba, sunanmu zai koma ƙarshen layi, layin kuwa a halin yanzu shekara shida ne. Kafin ya zo kanmu yaran nan sun kai shekara ashirin, kuma babu wadda za ta zauna jira.

Za mu dawo kan wannan. Bari mu fara ba marigayiya haƙƙinta.

Ingela ta fara buga mana ƙwallo a shekarar 1975, tana da shekara goma sha huɗu, a filin tsakuwar da ke bayan masana'antar katako, cikin rigunan da ƙungiyar maza ta gama yayi ta jefo mana a buhu. Mai rubuta wannan saƙo ita ce mai tsaron gida a lokacin, saboda haka abin da zan faɗa ba labarin wani ya ce ba ne, na sha bugun ƙafar hagunta a atisaye shekara goma sha huɗu, yatsuna biyu har yau ba su miƙewa. Gatari ake ce mata. Ba ta iya yanga da ƙwallo ba, ba ta kuma damu ta iya ba. In ta hango raga bugawa kawai take yi, in ƙwallo ta taso sama ta sa kai ko da takalmin wata na hanya. Ta ci wa wannan ƙungiya ƙwallo ɗari biyu da goma sha biyu. Sau tara aka kira ta tawagar ƙasa, ta ci huɗu, kuma duk lokacin da ta dawo, washegari ƙarfe shida na safe tana gaban injinta a masana'anta. Wata babbar ƙungiya ta kudu ta ɗauke ta, ta yi musu shekara biyu ta tattaro kayanta ta dawo. Da muka tambaye ta dalili sai ta ce, "Gahawarsu ruwa ce tsagwaronta, kuma kowa sai ya taɓa ƙwallo sau biyar kafin ya tuna akwai raga." Daga baya muka gane mahaifiyarta ce ba ta da lafiya.

Waɗanda suka manyanta za su tuna wasan watan Afrilun 1983, wanda ya ɗaga mu zuwa rukuni na sama. Dusar ƙanƙara ta sauka kwana biyu kafin wasa, ta kai gwiwa, aka ce mana tarakta ba za ta samu zuwa ba sai Litinin domin tana share wa maza nasu filin. Ingela ta bi gida-gida ta tattaro shebur goma sha bakwai. Muka kwashe yini guda muna sharewa, mu da iyayenmu mata, hannuwanmu suka yi kanta, washegari ta shiga ta ci uku. Ta uku ma da kai ta ci, goshinta ya fashe, ta ƙi fita sai da alƙalin wasa ya rantse zai tashi wasan.

Gwiwarta ta dama ce ta raba ta da buga ƙwallo a 1991, shekarar da ta biyo baya ta karɓi usur, ba ta ajiye shi ba sai watan Agustan da ya wuce. Ba za mu ce mai sanyin hali ba ce, domin za ta tashi ta ƙaryata mu. Tana da faɗa, tana da tsawa, ta taɓa korar wani likita daga bakin fili saboda yana yi wa 'yarsa ihu, ta ce ya je ya jira a mota tunda bai san yadda ake kallon yara ba. Abin da take gaya wa kowace 'yar gaba ɗaya ne: "In kin ga raga, buga. Tunani ki bar shi sai kin je gida." Amma ita ce ke tuƙa motar ƙungiya zuwa wasannin waje, tafiyar awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa. Ita ke lura da yarinyar da ta zo ba ta ci abinci ba, ta zura mata burodin kirfa a aljihun jaka ba tare da kowa ya gani ba. Yaran da iyayensu suka zo garin nan gudun hijira, ita ta bi su har gida, ta zauna ta sha shayi da iyayen har suka yarda. Fiye da mata ɗari huɗu suka bi ta hannunta. A cikinsu akwai malaman makaranta, akwai direbobin manyan motoci, akwai limamiyar cocin da za ta yi mata addu'ar bankwana.

Sai maganar ƙarfe shidan Talata. Da aka gina rufaffen fili a 2003, aka raba lokutan atisaye bisa layi, tsofaffin ƙungiyoyi a gaba, sababbi a baya. Tsofaffin ƙungiyoyi kuwa duk na maza ne, tunda lokacin da aka kafa su ba a barin mata su buga. Abin da ya rage mana shi ne ƙarfe shida na asubahin Lahadi. Ingela ba ta fasa ƙofa ba, ba ta ɗaga allo a bakin ofis ba. Ta sa sunanta a layi kamar kowa, sannan duk zaman da Kwamitin Wasanni zai yi, sai ta je ta zauna a kujerar gaba ta masu sauraro da zarenta da allurar saƙa, tana saƙa tana kallonsu, ba ta cewa uffan. Shekara goma sha ɗaya tana wannan zama. Ta saƙa wa kusan kowace 'yar ƙungiya hular sanyi a wannan kujera, wasu daga cikinmu har biyu. A 2014 layi ya zo kanta, ta shigo ɗakin sauya kaya da takardar a hannu tana taka rawa, mace mai gwiwa ɗaya da rabi.

Abin da ya faru bayan rasuwarta ga shi dalla-dalla, domin kada a ce mun ƙara gishiri. A ƙa'idar kwamitin, ba a rubuta lokacin atisaye da sunan ƙungiya, sai da sunan mutum ɗaya da lambarsa ta ɗan ƙasa. Namu da sunan Ingela yake. Ranar da aka shigar da rasuwarta a rajistar jama'a, kwamfutar kwamitin ta ga mai wannan lamba ba ta raye, ta goge sunanta, ta miƙa lokacin ga na gaba a layi, wato ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa maza, 'yan sama da shekara hamsin. Ranar Juma'a goma sha bakwai ga wata, ambulan biyu suka faɗa akwatin wasiƙun gidan Torgny a tare, daga ofis ɗaya, da hatimi ɗaya. Ta farko ta'aziyya ce daga Mai Girma Shugaban Kwamitin Wasanni na Ƙaramar Hukumar Tallfors, kuma Wakilin Majalisar Gari, kuma Mamba a Kwamitin Daidaito Tsakanin Maza da Mata, Mista Staffan Wiklund, yana kiranta "jarumar da ta buɗe wa 'yan mata ƙofa". Ta biyu ita ce ta soke lokacin. A garin nan kowa da sunansa ake kiransa, Staffan kawai muke ce masa, amma yau mun jero masa muƙamansa duka domin ya ji nauyinsu.

Ranar Talata ashirin da ɗaya ga wata yaran suka zo kamar kullum, sanyi ya kai ashirin da huɗu ƙasa da sifiri, ina tare da su domin ni ke riƙe da usur tun da Ingela ta kwanta. Kyaftin ɗinsu, Tindra, ta kara ɗan makullinta na lantarki a jikin ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗewa. Ta sake, ta ƙi. Ta cikin gilashi muna hango Torgny a tsaye, ya koma aiki kwana tara da mutuwar matarsa, makullai na rataye a ƙugunsa. Tindra ta buga gilashin ta ce, "Torgny, buɗe mana mana, yatsunmu za su cire!" Ya matso ya ce, "Babu sunanku a jadawali, Tindra." Ta ce, "Mu ne fa!" Ya ce, "Na san ku ne."

Abin da na faɗa wa bawan Allahn nan ta cikin gilashi ba zai rubutu a saƙon ta'aziyya ba, kuma ina amfani da wannan dama in nemi gafararsa a bainar jama'a. Bai buɗe ba. Ya shiga ciki ya haɗa cakulan mai zafi a filas biyu ya fito mana da shi wurin ajiye motoci, inda muka jera jakunkuna a matsayin raga, ya tsaya yana zuba wa yara. Da ya zo kaina sai ya ce, "Gunvor, shekara arba'in ina ce mata ta bi ƙa'ida tana yi mini dariya. Ni ban iya karyawa ba. Ita ce mai karyawa a gidanmu." Na karɓi kofin. Ba mu yi minti ashirin ba na sallami yaran, domin ƙwallon ta daskare kamar dutse.

A ciki kuwa maza tara ne masu tumbi suke guje-guje a filin da aka yi domin mutum ashirin da biyu. Na tare shugabansu, Rolf, wanda muka yi aji ɗaya da shi tun firamare. Ya ce, "Haba Gunvor, kin san ba mu muka nema ba. Shekara shida muna layi. In muka ce mun yafe, ƙarshen layi za a mayar da mu, kuma ni gwiwata ba za ta kai wata shekara shidan ba." Na ce masa gwiwarsa tun 1980 ba ta taɓa kai shi ko'ina ba. Bai ji daɗi ba, ni ma ban faɗa don ya ji daɗi ba.

Wannan kwamiti ba zai ɗora laifi a kan wasu ya wanke kansa ba. Akwai takardar da ake cikewa a mayar da lokacin atisaye daga sunan wani zuwa na wani, muddin mai shi yana raye ya sa hannu. Mun san da ita. Tun watan Nuwamba aka damƙa mini ita, sau uku na je da ita asibiti a cikin jaka, sau uku na dawo da ita ban fitar ba. Duk zuwan da na yi, Ingela sai ta jawo littafinta tana nuna mini yadda za ta jera yaran in bazara ta yi, wadda za ta koma tsakiya, wadda za ta gwada a gaba. Fitar da takardar nan daidai yake da in ce mata ba za ta ga bazarar ba, ni kuwa an rene ni a kan kada a takura wa mutum da maganar da bai buɗe ba. Sai mu sha gahawa, mu zagi alƙalan wasa, in tashi in tafi. Da na fitar, da ta zage ni ta uwa ta uba sannan ta sa hannu. Wannan sakaci nawa ne, kuma ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin na kowa.

Amma kuskuren tsohuwa mai tsoron magana bai kamata ya zama hukunci a kan yara ashirin da uku ba, kuma wannan na je na faɗa wa Mai Girma Shugaba a ofishinsa ranar Alhamis ta makon jiya. Na tarar babu kowa a ɗakin jira, duk da haka sai da aka sa na ciri lamba a na'ura na zauna har aka kira ni. Ya tarbe ni da fara'a, ya zuba mini gahawa, ya ce, "Gunvor, babu wanda ya yi wannan. Kwamfuta ce." Na ce, "Kwamfutar ita ta zaɓi kanta a majalisa?" Ya ce in aka tsallake layi saboda mu, gobe kowa zai zo da nasa uzurin, kuma zaman kwamiti na gaba sai tsakiyar Afrilu. Daga nan ya sauya murya ya ce suna shawarar manna allon tagulla mai sunanta a ƙofar ɗakin sauya kaya, kuma za a yi shiru na minti ɗaya a zaman majalisa, shi kuma zai so a ba shi dama ya yi ɗan jawabi a wurin jana'iza.

Amsar wannan ƙungiya ga allon tagulla ita ce a'a. Ba ma so a manna sunanta a ƙofar da yaranta ba su da ikon buɗewa. Shirun minti ɗaya ma mun gode, ta yi muku shiru na shekara goma sha ɗaya a kujerar gaba, ya isa. Tir da wannan aiki, kuma muna faɗa da babbar murya. A Talatar da ta wuce yara goma sha takwas suka zo wurin ajiye motoci. Biyar sun daina, uku daga cikinsu iyayensu sun riga sun kawo mini riguna a wanke a ninke.

Kafin in bar ofishin na tambayi Mai Girma Shugaba ko babu wata hanya ko ɗaya. Ya ce akwai, ya juya takardar sokewar ya nuna mini shafi na biyu. Ana iya ɗaukaka ƙara cikin mako uku daga ranar da wasiƙar ta iso, kuma da an shigar da ƙara za a dakatar da sokewar har a duba. Sai dai wanda ke da ikon ɗaukaka ƙarar mutum ɗaya ne, wato wanda lokacin yake da sunansa, a rubuce, da sa hannunsa na kansa. Na ce, "Staffan, ta mutu." Ya ce ya sani, kuma abin ya taɓa shi matuƙa, amma haka aka rubuta.

A madadin Shugabar Ƙungiya, da mambobin Kwamitin Gudanarwa, da masu horarwa, da 'yan wasa manya da ƙanana, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Torgny, da Sanna da mijinta, da jikokin marigayiya, da dukkan dangi da abokan arziki. Ubangiji Ya jiƙanta, Ya ba ta hutawar da ba ta taɓa yarda ta ba kanta ba, Ya ba iyalinta haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan babban rashi. Torgny, babu wanda ke riƙe da kai a cikinmu, ko Tindra ta ce a gaya maka haka. Mu kuma da aka bari, muna roƙon Allah Ya ba mu haƙuri, amma ba a kan wannan magana ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, bakwai ga watan Fabrairu, da ƙarfe ɗaya na rana, a babban cocin Tallfors. Masu son zama shan gahawa bayan addu'a su sanar da Sanna kafin ranar Litinin domin a san yawan kujeru. Iyali sun roƙi kada a kawo furanni, kuma sun yanke cewa babu jawabin wani jami'i.

Ranar jana'izar ita ce rana ta ƙarshe ta wa'adin ɗaukaka ƙara, ofishin kwamiti kuma ƙarfe uku yake rufewa ranar Juma'a. Saboda haka, da amincewar mijinta da 'yarta, muna sanar da Mai Girma Shugaban Kwamitin Wasanni cewa wadda ƙa'idarsa take nema za ta kasance cikin akwatin gawarta a gaban sahu a cikin coci daga ƙarfe ɗaya zuwa ƙarfe biyu, ba za ta je ko'ina ba. An ware masa kujera a sahun gaba, tsakanin Torgny da yara goma sha takwas. Ya taho da takardar da biro, ya tashi ya je ya karɓi sa hannun da kansa. Idan ya kasa samu daga wurinta, to nasa hannun yana nan, ya sa shi ya dawo wa yara da lokacinsu, kuma duk garin zai kasance a zaune a bayansa.

Sa hannu:
Gunvor Edlund
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Muƙaddashiyar Kociya
Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Tallfors
Alhamis, 30 ga Janairu